Hajiya 'Yardada, Mai Goyon 'Ya'yan Kasuwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, tara ga watan Rajab, Allah Ya karɓi ran Hajiya 'Yardada ta unguwar Koki.

Hajiya, shekarun baya na ji wani labari a kanki, na ce ƙarin gishiri ne irin na masu zaman dakali. Wai hukuma ta kira taro a kan halin da iyalai ke ciki, manya suna ta karanta takardu, sai ga ki da goyo. Kika kwance majanyi, kika ɗora jaririn a cinyar shugaban taron, kika ce, "Alhaji, riƙe shi ka ci gaba da jawabinka. Uwarsa ma da shi take tuyar awara."

Ban yarda ba, don ban taɓa jin kin ɗaga murya ba. Abin da na gani da idona shi ne tsakar gidanki. Zamani ya zo da kuɗin da miji ke samu ba sa riƙe gida, dole matar ta fita, kaka kuma tana can ƙauye. Matan 'yan dako, masu awo a Ƙofar Wambai, har malaman makaranta, kowacce a hannunki take barin ɗanta. Daga kukan yaro kike sanin ɗan waye. Ranar da jikata Zaituna za ta koma aikin asibiti, ta tsaya a zaure tana hawaye, kika ce, "Ke tafi ki yi allurarki, ba ke za ki koya mini goyo ba."

Daga baya hukuma ta ware ɗakin raino a bakin kasuwa, da famfo da masu kula. Yanzu da kika kwanta dama, ana raɗe-raɗin za a mai da shi shago. In aka yi haka, matan nan sai dai su zaɓa: sana'a ko jariri.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya ba ɗanki Auwalu da sauran zuriya haƙurin rashi.

Labarin nan kuwa na daina musu. A zaman makokinki wani dattijo ya sake ba ni shi, ya ce yaron har fitsari ya yi masa a babbar riga, shafi ɗaya bai iya ƙarasawa ba. Ya ce in aka taɓa ɗakin rainon nan, shi ma jikansa zai saɓa ya tafi ofishin hukuma. Alhaji Zaharaddeen ke nan, shugaban taron.