Ranar da Labaran Ya Riƙe Fartanya

Labaran ɗan marigayi Sarkin Noman ƙauyensu ne, can wajen Lajawa, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da haka ba. Tun yana saurayi ya bar gona ya koma dillancin shanu a kasuwar kara ta Wudil, inda ya ajiye teɓa ya kuma ƙara murya. Ranar Juma'a tun daga bakin gada kake jiyo shi. In hira ta biyo ta kan shugabanci, sai ya gyara zaman hula ya ce, "Ai ba koyonsa ake yi ba, a jini yake. Mu da shi aka haife mu."

Ba mugu ba ne, wallahi. Yana da tausayi, sai dai ya fi jin daɗin tausayin in yana tsaye a inuwa yana ba da umarni.

Daminar bara maƙwabcinsa Nu'uman ya faɗo daga babur ya karye a ƙafa, daidai lokacin noman farko. Ciyawa ta taso wa geronsa, gonar kuwa ita ce abincin gidansa na shekara. In aka ƙara mako guda, shi ke nan. Labaran ya ce wannan aikin gado ne, zai kira gayya yadda mahaifinsa yake yi, kowa ya fito da fartanyarsa a nome gonar rana ɗaya.

Aka yi sanarwa a masallaci, aka dama kunu, Labaran ya zuba babbar riga ya tsaya a gindin ɗorawar bakin gonar. Samari kusan ashirin suka zo, yawancinsu don kunun. Labaran ya yi musu kirari, ya jawo tarihin kakanni, ya nuna gabas ya nuna yamma. Suka saurara da ladabi suna latsa waya. Da hantsi ya ɗaga, wannan ya ce zai kai fasinja Achika, wancan ya ce ana nemansa a gida. Layi uku aka nome.

Ya wuce wajen Gwaggo Safara'u, ƙanwar mahaifinsa, yana huci. "Gwaggo, yaran yanzu sun lalace. Baba magana ɗaya yake yi gari ya fito."

Tsohuwar ba ta ɗago daga tsintar wakenta ba. "Ɗan nan, kai a gindin bishiya kake zama kusa da ƙwaryar fura, shi ya sa muryar kawai ka riƙe. Kafin kowa ya iso, Yaya ya riga ya shiga inda ƙaya da tofa suka fi yawa. Kiran nan da kake ji, a duƙe yake yin sa."

Maganar ta yi masa zafi, don ya san gaskiya ce. Washegari da sassafe ya ari fartanya ya shiga gonar shi kaɗai. Shekara ashirin da biyar rabonsa da ita; duƙawar ma sai da suka yi shawara da teɓarsa.

Mudassir ɗan acaɓa, wanda jiya ya fara zamewa, ya zo wucewa ya taka birki. Ya yi dariya har ya kira abokansa su zo kallo. Can sai dariyar ta tsaya.

"Kawu! Ai geron kake sarewa, ka bar ciyawar!"

Labaran ya ɗago yana haki, gumi ya jiƙa shi sharkaf. "To zo ka nuna min."

"Kawo fartanyar."

"A'a. Ɗauko taka."

Mudassir ya ɗauko, ya duƙa gefensa yana nuna masa. Sauran suka bazama gida neman nasu, suna cewa in ba a yi sauri ba Kawu zai ƙarasa abin da ciyawa ta fara. Kafin la'asar an gama gonar tas. Labaran ne na ƙarshe a kowane layi, kowa ya wuce sai ya yi masa gyara, amma bai fita ba.

Aka kawo Nu'uman a bayan babur, ƙafa a ɗaure. Ya dubi geronsa tsaye fes, ya damƙi hannun Labaran zai yi godiya. Labaran ya saki ƙara. Nu'uman ya juya tafin, ya ga duk ya yi bororo ya fashe. Ya daɗe yana kallo, idonsa ya kawo ruwa.

"Bana 'ya'yana za su ci tuwo," ya ce a hankali.

"Za su ci," in ji Labaran. "Sai dai ka yafe min layi biyun can na farko. Ni na sare su."