Kujera Ta Tsakiya

Duk tsufan da zan yi, ba zan manta da wata la'asar a wani ƙaramin gidan silima na Paris ba. Ina 'yar shekara goma sha uku lokacin, muna zaune a Vénissieux, kusa da Lyon. Yayata kuwa tana koyon ɗinki a wurin gwaggonmu a La Courneuve, a gefen Paris. Saurayinta ya je Maraɗi ganin gida, ya auro wata. Aminiyarta ce ta kawo mata labarin, sai Yaya ta sauke fushin a kanta, ta daina yi mata magana. Kowa haƙuri yake ba ta, ita kuma ko hawaye ba ta yi ba, sai rama.

Da hutun lakwal, wato makaranta, ya zo, Inna ta sa ni a jirgin ƙasa in je in ɗebe mata kewa. Ni da ba na iya haɗa ido da mutum, me zan ce mata? Kallo kawai na iya. Na lura duk sanda aka buga ƙofa Yaya takan tsai da keken ɗinki ta saurara, sannan ta ce a ce ba ta nan.

Malamarmu ta faransanci ta ce mu kalli wani tsohon fim kafin a koma. Na roƙi Yaya ta raka ni, a ɓoye kuma na gaya wa aminiyar. Da muka isa silimar Yaya ta gan ta, ta ɗaure fuska, na zauna tsakaninsu.

A fim ɗin wata mata ce take zuwa tasha kullum tana jiran wanda ya yaudare ta, ƙawarta na binta da lema. Mu a gida da surutu muke kallo, ana zagin mugu, ana ba jaruma shawara. Aminiyar ba ta san Turawa shiru suke yi ba. Sai muka ji ta da ƙarfi: "Ke baiwar Allah, tashi ki tafi gida, wannan ɗan banzan ba ya zuwa."

Wani tsoho ya juyo ya harare mu. Na ji kujerar Yaya tana girgiza. Dariya take, har ta koma kuka. Ta miƙa hannu ta saman cinyata ta kama na aminiyarta, ta ce a hankali, "Ke dai bakinki ba ya gajiya."

Tare suka raka ni tasha ranar komawa Lyon. Tun daga nan na gane ba sai mai baki ne ke sulhu ba. Wani lokaci ya isa ka zaunar da mutum biyu kusa da juna ka yi shiru.