Ranar da Aka Sa wa Kabad Ɗina Zarto

Kabad ɗin talabijin da ke ɗakina Babana ne ya sa aka yi mini da zan yi aure, da kuɗin albasar da ya noma a bakin kanal. Da kansa ya ɗauki na'urar faifan da ya saya mini, siririya mai fitar da hoto tar, ya kai wa kafinta a Kura aka auna mata gurbi. Ta shige daram.

Sai maigidana ya dawo daga Kano da gem, na'urar wasan nan da ake jona wa talabijin. Uban yara uku, wai gem! Abin ƙato ne ga tumbi, ya yi uku ɗin na'urata a kauri. Ya ciro tawa, ya tura nasa a kwance ya ƙi shiga, a tsaye ma ya ƙi. Na ce, “Malam, ajiye shi a tebur mana.” Ya ce yara za su taɓa.

Washegari ina gidan maƙwabta muna turara shinkafa, na dawo na tarar da garin katako a kan ledar ɗakina. Ashe maigidana ya kira kafinta, an yanke shantar sama, an fafe gefe. Kowa a ƙasar nan ya san kayan ɗaki na mace ne, ko cokali miji ba ya ɗauka sai ya tambaya. Na ce, “Da izinin wa?” Ya ce, “Katako ne fa kawai.” Kawai! Har yau in na tuna kalmar nan raina ɓaci yake.

Abin haushi, gem ɗin bai ma zauna a ciki ba. Zafi yake ɗauka, yana huci, yana kashe kansa. Ya koma tebur ɗin da na faɗa tun farko.

Na rufe wurin da zani saboda kada Baba ya gani. Ran da ya zo daga Bunkure duba mu, iskar fanka ta ɗage zanin. Ya tashi ya shafa inda zarto ya ci, ya daɗe a tsaye. Maigidana ya sunkuyar da kai yana kame-kame.

Baba ya ce, “Ba komai. Laifina ne, ban sa an yi shi da faɗi ba.”

Ko abincin da na zuba masa bai ci ba ya tafi.