Shuɗiyar Tutar Gildas

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Afrilu, ina ban ruwan shuka a bayan gida, Maryvonne ta kira ni ta ce mijinta Gildas Rousselet ya rasu da hantsi. Ciwon zuciya ne, in ji ta, kuma ya daɗe da shi. Wannan "ya daɗe" shi ke damuna har yau. Gildas, ta'aziyyarka na zauna rubutawa, amma haushinka nake ji, kuma ba zan ɓoye ba.

Kusan shekara arba'in muna tsayawa tare a kwanar Mulsanne duk watan Yuni, in tseren motoci na awa ashirin da huɗu na Le Mans ya zagayo. Mu masu tuta, biyu-biyu ake tsayar da mu, fuska da fuska. Mai shuɗiyar tuta yana kallon motocin da ke tahowa, ya gargaɗi direba cewa wanda ya fi shi gudu na bayansa. Mai rawaya kuwa ya juya wa motocin baya, idonsa na kan waɗanda suka wuce, ko wata za ta ƙwace wa direbanta ya ɗaga tuta. Abin da ke zuwa ta bayansa ba ya gani, ransa yana hannun abokin tsayuwarsa. Kai ne mai shuɗiya, ni mai rawaya.

Mun fara tun ba a saka lanƙwasa biyu na rage gudu a miƙaƙƙiyar hanyar da ke zuwa kwanarmu ba, lokacin da motoci ke isowa kanmu har ƙasa na rawa. Wasu suna ba da tarihin tseren da sunayen direbobi, ni a fuskarka na karanta shi. In ka ɗage gira, mai gudu ce ke tafe. In ka taune leɓe, wani ya makara da birki. Masu ƙara kamar aradu suka yi zamaninsu, masu dizal da ke zuwa shiru suka yi nasu, aka kawo masu haɗi da lantarki. Duk ni bayansu kawai na sani.

Babu shekarar da ban roƙe ka mu yi musaya ba, ko na awa ɗaya.

"Bari, Firmin," kake cewa. "Kai ɗan kallo ne. Jar mota ɗaya za ta zo, ka bi ta da ido baki buɗe, a kwashe ni a buhu."

Maganar tana ƙona mini rai, sai dai ba ni da bakin musu tun wata Lahadi da rana da aka yi ruwan sama. Ban ji komai ba, ban ga komai ba, sai hannunka a wuyan rigata, ka fizgo ni muka zube cikin taɓo. Taya ce ta ɓalle, ta ratsa daidai inda kaina yake. Ina kwance a ƙasa, ka ce, "Ka rage cin cuku, ƙato, ka kusa cire mini kafaɗa." Ka zuba mini kofi, ka koma wurinka.

Haka kake. Da matata Odile ta kwanta jinya, duk hunturun kai ka faskara mana itace, kana yi kana kushe gatarina. Kekunan rabin unguwarmu kai ke gyarawa kyauta, amma sai mai keke ya sha faɗa. Alherinka bai taɓa zuwa da magana mai daɗi ba.

Bara, muna sa kayan aiki, ka miƙo mini shuɗiyar kamar wanda ke miƙa gishiri a tebur. "Karɓi, ka ishe ni." Na yi murna kamar yaro, na ɗauka nacina ne ya ci ka. Ka juya wa motocin baya, na tsare ka har aka tashi tsere, ban yarda idona ya bi mota ko ɗaya ba, don in ƙaryata ka. Da aka gama na jira ka ce wani abu. Ka ce kofin ya huce.

Sai ranar jana'izarka, a ƙofar coci, Maryvonne ta riƙe hannuna. "Firmin, likita ya hana shi tsayuwar nan tun kafin tseren bara. Ya ce mini hannunsa ba zai iya jan ka ba in wani abu ya taho, shi ya sa ya ba ka tutar." Ta share hanci ta ƙara da cewa, "Da ya dawo gida ya ce, ƙaton nan ko sau ɗaya bai kalli mota ba, ashe ya iya."

To me ya hana ka faɗa mini, Gildas? Taku biyu ne tsakaninmu. Da na kai ka asibiti ko da faɗa, da na zaunar da kai a inuwa. Ka ɓoye ciwon, ka ɓoye yabon, ka bar ni in ji su a bakin matarka kana cikin akwati. Wannan ba adalci ba ne, kuma ba ka nan balle mu yi ta.

Na riga na yanke cewa na bar tsere, don ba ni da wanda zan sake juya wa baya. Shekaranjiya sai ga 'yarka Solène, wadda ta daɗe tana riƙe tuta a wata kwanar. Ta ajiye shuɗiyarka a kan teburina.

"Kawu, na nemi a mayar da ni Mulsanne. Ni zan riƙe rawaya."

Na ce mata na tsufa, ta nemi wani.

"Baba ya ce ka iya," ta ce. Taurin kan naka ne sak.

Allah ya jiƙanka, Gildas, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutun da ka ƙi yi a duniya. Maryvonne, Solène, da dukan masu tutar kwanar Mulsanne, Allah ya ba mu haƙurin rashinsa. Ni kuma ku sa ni a addu'a, Allah ya ƙara wa hannuna ƙarfi. A watan Yuni 'yarsa za ta juya wa motoci baya, ta kalli fuskata.