Allura Talatin da Tara

A wata rumfar gyaran kwamfuta da ke Kwamba, wani dattijo yana zaune, rigarsa a goge, takalmansa duk ƙura. Da alama ya zaga rumfuna da dama. Yana riƙe da faifan ajiya na tsohuwar kwamfutarsa wadda ta daina kunnuwa, yana ƙirga alluran da ke bakin faifan da tsinken tsintsiya.

"Talatin da tara ne," in ji shi. "Ɗaya ta karye, ɗana. Liƙa masa wata."

Segun mai gyara yana dariya. "Baba, haka aka ƙera shi, lafiyarsa lau. Sababbin kwamfutoci ne ba su da ramin da zai shiga. Wayar haɗinsa kuwa, har Abuja na nema ban samu ba."

"Hotunan marigayiya mai ɗakina suna ciki. Babu su a ko'ina."

Dariyar ta tsaya. Wataƙila dattijon ya fi son a ce wani abu ya karye, ko a samu abin gyarawa.

"To, wa ke da tsohuwar kwamfuta irin tawa, mai sauran rai?"

Segun yana kallon titi, yana ƙoƙarin tuno ko da mutum ɗaya.