Batirin Yaya Mamman

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Mamman, matuƙin jirgin ruwa a Warra, kuma a shekarun nan bakwai, daga Shanga har Ngaski, ba a yi mai kula da batirin waya kamata ba. Na sha faɗa a majalisa cewa da batir na magana, da ya tara jama'a ya yi mini godiya.

Dalili kuwa wata ƙaramar waya ce da Yaya ya bari. A cikinta akwai muryarsa, minti biyu kacal, yana tsokanar Inna a kan miyar kifin da ta cika wa gishiri, yana dariyar nan tasa mai kama da injin jirgi da ya ƙi tashi. Duk Juma'a in na je gaisuwa, kafin in zauna Inna za ta ce, "Sanya mani ɗan'uwanka." Ta kara a kunne, ta saurara, ta miƙo mini. Ba ta taɓa cewa a maimaita ba.

Yaya bai ɗauki batir da wasa ba. Ba a caji cikin rana, ba a amsa kira waya na kan wuta, in ya cika a cire. Ranar kasuwa kaɗai yake kai nasa caji, ya ɗiga masa shuɗin fentin jirgi don kada a musanya masa. Da zai ga matuƙan yau, kowa da sola bisa rumfa, yana kallon bidiyo waya na caji tana gasa masa tafin hannu, da sai ya kama baki ya juya jirginsa.

Ni kuwa tsorona ɗaya, kada wayar ta mutu. Sola na sayo musamman dominta, na jona, ban sake cirewa ba sai Juma'a. Ko uwargida ta kawo tata, sai in ce ta bi layi. Dokar Yaya ta uku na sani sarai, amma na ce ai ƙauna ba ta yin yawa.

Watan jiya na tarar murfin baya ya ɓalle da kansa, batir ya kumbura kamar fanke. Na danna, shiru. Juma'a uku ina yi wa Inna ƙaryar mantuwa. Na taka kasuwar Yelwa rumfa-rumfa har takalmina ya nemi ritaya, kowa ya juya batirin sai ya ce an daina irinsa. Takaici ya ishe ni. An sayar da jirgin Yaya, an raba tufafinsa, abin da ya rage mana na Yaya minti biyun nan ne, ga shi ni da hannuna na hallaka su.

Ƙarshe aka nuna mini Malam Audu, wani dattijo mai gyaran waya kusa da tasha. Bai ma kalli batirin ba. Farce ya sa ya zaro wani ɗan kati da ban taɓa sanin yana ciki ba, ya zura a rediyonsa. Sai ga dariyar Yaya ta cika rumfa. Na share ido da bakin riga, na fara yi masa bayanin irin hidimar da na sha.

Ya katse ni. "Alhaji, murya ga kati take. Shekara bakwai kana gadin batir, shi ɗin ma da ƙoshi ka kashe shi."