Tambari da Gwiwar Ɗan Indo

Tambari bai taɓa zama gwanin kokawa ba. A zamanin samartakarsa a Dodoru ta ƙasar Gwandu, kayen da ya sha ya fi wanda ya yi, har makaɗa ba su damu su yi masa take ba. Gajeren manomin gero ne mai ƙaramar murya. Amma Allah ya ba shi ido. In ya tsuguna a gefen fage ya kalli mutum yana kokawa, zai gaya maka ƙafar da yake dogara da ita da lokacin da numfashinsa yake ƙarewa. Shi ya sa duk kaka, in an sa ranar karawa da wani gari, shi ake turawa ya gano abokan hamayya.

'Yan shekaru bayan babbar yunwar da ta watsa mutane, samarin Dangoma suka aiko da goro: suna neman Dodoru a fagen Kalgo, ranar kasuwa. Bawa, jagaban 'yan kokawar Dodoru, ya karɓi goron, ya zo ya sami Tambari a bakin rumbu.

"Baba Tambari, sai ka tahi ka gano muna su," in ji shi. "Wanga karo ba kamar sauran ba ne. Mutanenmu na cikinsu."

Tambari ya sani. A shekarar yunwa gidaje da dama sun bar Dodoru sun gangara fadamar Dangoma, ba su dawo ba. Cikinsu har da ƙanwarsa Indo da ɗanta Albarka, wanda a bayan wannan rumbun Tambari ya fara koya masa kama ƙugu. Ya ɗaura wa jakinsa buhun gero na tsaraba, ya kama hanya.

Ya tarar da samarin Dangoma suna gwaji a kan yashin bakin gulbi da la'asar. Bai ɓoye ba, don babu wanda bai san aikinsa ba. Mai koya musu, wani dattijo Sambo mai ido ɗaya, ya sa aka shimfiɗa masa tabarma.

"Zauna ka kalla da kyau," in ji Sambo. "Kak ka koma ka ce mun yi rowa."

Tambari ya zauna, tun kamu na farko ya ga akwai jan aiki a gaban Dodoru. Sambo ba ya koyar da ƙarfi, haƙuri yake koyarwa: yaransa sukan bar mutum ya gaji da kansa. 'Yan Dodorun da suka koma can kuma sun riga sun zazzage masa duk dabarun Bawa. Ga jagaban 'yan kokawar Dangoma, Khalilu, masunci, wanda jan tarun kamun kifi ya mayar da hannuwansa kamar igiyar rijiya. Sai dai Tambari ya lura da abu guda: in aka matsa masa ta hagu, yakan yi fushi ya ɗaga ƙafa da wuri.

Sannan Albarka ya shiga. Ya zama ƙato, warkinsa har ya yi masa kaɗan. Ya kayar da mutum biyu a jere, 'yan kallo suna ihu. Tambari bai yi ihu ba. Ya ga duk lokacin da yaron zai juya, sai ya ɗauke nauyinsa daga gwiwar dama, kaɗan dai, yadda ba kowa zai gani ba.

A gidan Indo, bayan an ci tuwo da miyar kifi, Tambari ya kira Albarka bayan danga.

"Me ya sami gwiwar nan?"

Albarka ya ce, "Kwalekwale ya danne ni da damina, Kawu. Ta warke."

"Ba ta warke ba. Sambo ya sani?"

"In ya sani zai hana ni."

"To ji nan. Goron Dodoru na ci, kuma ban taɓa komawa na yi musu ƙarya ba. Abin da na gani zan faɗa. Ka zauna bana, baɗi ka shiga."

"Faɗa musu," in ji Albarka, idonsa ya kaɗa. "Mutanen garin ga suka ba mu hatsi lokacin da Dodoru ba ta da ko dussa. Ba ni zama gefe ranar da suke bukatata."

Da safe Tambari ya je ya gaya wa Sambo. Dattijon ya kira Albarka, ya sa shi ya yi tsalle, ya tsuguna, ya ɗaga Khalilu sama. Yaron ya cije ya yi duka ba tare da ya ɓata fuska ba. Sambo ya dubi Tambari ya yi murmushi.

"Dabara ce mai kyau, mutumin Dodoru. So kake in cire maka gwanina."

Duk hanyar komawa Tambari yana saƙa yana kwancewa. In ya yi shiru, ya ci amanar garinsu. In ya faɗa, ya san abin da taɗiya take yi wa irin wannan gwiwa. Da ya isa, samari suka kewaye shi. Ya ba su labarin Sambo da haƙurinsa, da mutanensu da suka tona asiri, da fushin Khalilu. Ya tsaya nan. Bawa ya bari aka watse, ya matso.

"Ba ka ce komi ba kan ɗan Indo."

Tambari ya rage murya. "Gwiwarsa ta dama ta lalace," in ji shi. "In ka taɗe ta, ka gama da shi. Amma ba kokawa kaɗai za ka raba shi da ita ba, har noma. Ni dai roƙonka nake, Bawa. Ka kama shi ta sama."

Bawa ya ce, "Na ji," ya tafi. Bai ce ya yarda ba.

Ranar kasuwar Kalgo fage ya cika har kan bishiyoyi. Ganga na tashi, maroƙa na kirari. Ƙanana suka fara, ana kayar da wannan ana kayar da wancan. Da Bawa ya haɗu da Khalilu, ya yi ta matsa masa ta hagu har masuncin ya fusata ya ɗaga ƙafa, sai ga shi rigingine. Mutanen Dodoru suka ɗauki sowa. Kafin ta lafa, Albarka ya tsallako fage ya miƙa wa Bawa hannu.

Bawa ya amsa. Suka sarƙe. Bawa ya kama ta sama, ƙafafunsa nesa da gwiwar, kuma Tambari ya gane da gangan ne. Suka yi ta zagaya fage, gumi na zuba, ganga ta koma a hankali. Bawa ya riga ya gaji tun karawarsa da Khalilu. Albarka ya sami ƙugunsa, ya ɗaga, ƙafar Bawa ɗaya ta bar ƙasa. Mutanen Dodoru suna kiran sunansa kamar za su yi kuka. A nan Bawa ya sa ƙafar nan ya maƙale gwiwar Albarka ta dama.

Har inda Tambari yake tsugune ya ji ƙarar. Albarka ya zube, bai tashi ba.

Dodoru ta ci. Aka ɗauki Bawa a kafaɗa, shi kuwa yana waige. Tambari ya kutsa ya kama kan Albarka ya ɗora a cinyarsa har mai ɗori ya iso. Indo ta iso a guje, ta dubi yayanta, ta kau da kai, ta durƙusa gefen ɗanta.

Bai bi mutanensa gida ba. Ya ɗora Albarka a kan jakinsa ya ja shi zuwa Dangoma. Ƙafar ta ɗoru, amma ba ta ƙara lanƙwasuwa ba. Da damina ta faɗi, Tambari ya bar gonarsa a hannun maƙwabta, ya noma ta Albarka, ya koyi dashen shinkafa da tsufansa. Bawa ya aiko da damin gero, Indo ta mayar. Ta yi shekara tana ajiye wa yayanta abinci a ƙofar ɗaki ba gaisuwa, sai ranar sunan ɗan Albarka na fari ta miƙa masa jaririn ta ce ya yi masa addu'a.

Da kaka ta zagayo, mutanen Dodoru suka aiko wa Tambari ya je garin Dalijan ya gano musu abokan hamayya. Ya ce su nemi wani. A Dangoma ya ƙarasa kwanakinsa, a nan kuma aka binne shi.